Rumbun Hindu da Zum Ɗin Saminu

Ranar Juma'a da hantsi rumbun Hindu ya kama da wuta a Tungar Ado, wani ɗan ƙauye gabas da Dogarawa. Kafin guga ya fito daga rijiya sau goma, geron shekara guda ya zama toka. Tun da sassafen ranar kuma Saminu mai hoto, wanda ya zo daga Konni don kokowar kaka, ya cika gari da ihu an sace masa zum, wato dogon gilashin nan mai kamar guntun taɓarya da yake ɗaurawa a bakin kamera ya jawo abin da ke nesa.

Sata da gobara wuni ɗaya, a garin da an manta rabon da a saci ko kaza. Mutane ba su wahalar da kansu ba. Suka haɗa laifin biyu suka aza wa Alkasum, Buzu makiyayin da ke sauke shanunsa a gonakinsu kowace shekara bayan an cire amfani. An gan shi da safe ya fito daga gidan Hindu da garwashi a kasko. An kuma ji shi ran Alhamis yana roƙon Saminu ya bar shi ya leƙa cikin zum. Aka ɗaure shi a gindin itacen bedi na ƙofar maigari, aka kora shanunsa cikin shingen ƙaya aka rufe. Maigari ya ce motar kasuwa za ta biyo ran Asabar da la'asar, a cikinta za a kai Alkasum wurin jandarma a Konni, shanun kuma su zauna a madadin geron.

Liman ne kaɗai ya ce a aika Dogarawa a kira Chindo mai bin sawu tukuna.

Chindo ya iso Asabar da safe a kan jakinsa. Tsoho ne siriri, ba ya son surutu, ya shekara talatin yana bin sawun raƙuma da ɓarayinsu tsakanin Bazaga da Badagishiri. Ya sauka nesa da rumbun ya tsaya yana duban ƙasa. Ƙasar ta koma kamar masussuka. Sawun manya, sawun yara, sawun awaki, taɓon ruwan da aka watsa, duk a cakuɗe.

"Mutum nawa sunka taka wurin ga?" in ji shi.

"Gari dut," in ji maigari. "Ba wanda bai kawo gudummawa ba. Har baƙin kokowa."

"Bayan wuta ta mutu hwa?"

"Sai munka zagaya muna neman sawu."

"Ku nawa?"

"Gari dut."

Chindo ya cire hularsa, ya dubi cikinta, ya mai da ita kansa.

Rabilu, ƙanen maigari, ya matso yana murmushi. "Baba Chindo, kada ka damu, mun aje maka guda. Ni da kaina na ruhe shi."

Ya ja shi ƙofar zauren da aka sauki Saminu. Ga ƙwarya a kife, an danne ta da dutse. Rabilu ya ɗaga ta a hankali. Sawun takalmi ne mai zane kamar ƙashin kifi.

"Ka gani? Takalmin birni. Buzun ga ya sa takalmin birni don shi ɓad da mu."

Chindo ya dubi sawun. Ya bi ƙafafun mutanen da suka kewaye shi ɗaya bayan ɗaya, har ya tsaya a kan wani farin takalmin roba.

"Kai ne mai hoto? Ɗaga ƙahwarka."

Saminu ya ɗaga. Ƙashin kifi.

"Kwana guda," in ji Chindo, "kuna gadin sawun mai kaya."

"To ai shi ma ba a sani ba," in ji Rabilu.

"Ɗauki ƙwaryarka, Rabilu. Matarka na nemanta."

*

A cikin zaure Chindo ya yi wa Saminu tambaya ɗaya tak: yaushe ne ganinsa na ƙarshe da zum. Saminu ya fara daga Sakkwato.

Shekara biyu yana zarya a shagon wani mai kayan hoto kafin mutumin ya sa a kawo masa daga Legas. Na Japan ne, ba irin kwashe-kwashen nan ba. Babur ɗinsa ya sayar, yanzu da ƙafa yake zuwa suna da biki. Ya ce ba wanda ya san wulaƙancin da ya sha da ƙaramin gilashi. In ya shiga fili masu bulala su kore shi, in ya tsaya waje hoto ya fito ƴan kokowa kamar tururuwa biyu a faifai, ka kai wa mutum ya ce wannan ba shi ba ne.

"Amma wanga, Baba! Ƙarhin jawowarshi daga tamanin har ɗari uku, murɗawa kawai kakai. Ran Alhamis bisa amalanke nake zaune can ƙarshen hili, ina ƙirga zuhwar goshin mutum. Sai dai nauyi gare shi. Sai ka dahwa shi bisa buhu, ka riƙe numhwashi, in ba haka ba hoto ya girgiza."

"Yaushe ne ganinka na ƙarshe da shi?"

"Ina zuwa. Mai shagon abu uku yag gargaɗe ni. Ruwa, rairayi, da rana. Yac ce kada in kuskura in bar shi ba murhi shina duban rana, don tara ta shikai wuri guda awa tsinin allura, ya ƙone labulen da ke cikin kamera. Ni kuwa ko hannu mai maiƙo ban bari shi taɓa shi."

A waje shanu suna kuka cikin shinge. Inuwar ƙofar zaure ta ja baya da taki guda. Chindo ya jingina da bango ya bar shi.

Saminu ya ce ko Rabo sai da zum ya ba shi mamaki. Rabo shi ne gwarzon garin, ɗan ƙanen Hindu, ita ta raine shi, kuma shi zai kara da na Badagishiri yau da la'asar. Ran Alhamis kafin a fara, Rabo ya ɓuya can bayan tsamiyar kwari yana wankan magani yana ɗaura layu, inda ko ɗan'uwansa ba ya yarda ya gan shi. Saminu yana gwada zum daga kan amalanke sai ya ci karo da shi, ya ɗauke shi hoto.

"Da maraice wurin shayi nic ce mishi, Rabo, layar ƙugunka ja ce, da ƙwayar wuri uku. Ka ga idonai! Kowa ya yi ta dariya, har baƙi."

"Shi ma ya yi dariya?"

"Ban lura ba."

"Ba ka lura ba. To yaushe ne ganinka na ƙarshe da shi?"

"Jiya da asuba. Shina rataye cikin jakarshi ta hwata, na tahi masallaci, na dawo jaka wayam."

"Kamera hwa?"

"Tana ƙarƙashin matashi, ba a taɓa ta ba. Jahilin ɓarawo ne, Baba. Zum ba kamera ai ƙarhe ne kawai."

*

Alkasum yana zaune hannuwa a baya, rawaninsa ya zame ba mai gyara masa. Chindo ya tsuguna ya gyara masa kafin ya yi magana.

"Ka ɗauki garwashi?"

"Na ɗauka. Kullum ina ɗauka. Hindu ke ba ni da hannunta, in kawo mata nono."

"Mi kake nema cikin zum?"

"Karsana ta ɓace mini. Anka ce abin na ganin nesa. Na ce shi duba mini. Yac ce hannuna da maiƙo."

Chindo ya dubi takalman fatar Alkasum masu faɗi, ya dubi ƙwaurinsa da bai fi kaurin sanda ba.

"Kana jin su?" in ji Alkasum, ya nuna wajen shinge da haɓa. "Tun jiya da sahe ba su sha ba. Akwai masu ciki. Ni su kai ni Konni in sun so."

Chindo bai yi masa alkawarin komai ba. Ya miƙe.

*

Hindu tana zaune a kan dutse tana kallon inda rumbunta yake da. Mijinta ya rasu shekara huɗu, geron nan da gayya aka nome mata shi. Chindo ya yi mata jaje, ya zauna a ƙasa can gefe. Ita ta fara.

"Na hwaɗa musu daga bisa wutar tat taso. Ba wanda ya saurare ni."

"Daga bisa?"

"Daga jinka, gehen gabas. Ina shanya wake nig ga hayaƙi siriri awa na taba. Kahin in yi kururuwa ta kama."

Chindo ya dubi sauran bangon rumbun. Ko dogon mutum ya yi ɗage ba zai kai hannu jinkar ba. Mai garwashi kuwa ba ya wahalar hawa sama alhali ga kara da zana a ƙasa.

"Ina tsaninki?"

"Shina gidan liman aro tun sati. Kuma wani marar kunya ya ɗauke mini turmi sadda nit tahi rijiya, ya kihe shi gindin rumbu. Na yi ta hwaɗa, anka ce ana maganar gero kina maganar turmi."

Turmin yana nan a kife, gefe ɗaya ya babbake. Na itacen ƙirya ne, tsohon yayi. Chindo ya sa hannu biyu ya tura, da ƙyar ya motsa.

"Ƙaƙa kike kai shi wani wuri?"

"Ni da maƙwabciyata muke gangara shi."

"Nuna mini inda kike daka."

Wurin dakan yana bayan danga, kuma da yake ba abin kallo a can, gari duk bai je ba. Chindo ya tsayar da ita da sanda tun daga nesa. Ga da'irar da gindin turmi ya bari. Babu alamar gangarawa, babu ta ja. Sawu ne na mutum ɗaya ba takalmi. Zuwansa sama-sama ne, fitarsa kuwa ya nutse cikin rairayi, taku gajere-gajere, yatsu a ware sun kafe ƙasa, diddige da ƙyar ya taɓa. Babban yatsan hagu ya karkace waje kamar wanda ya taɓa karyewa. Chindo ya daɗe a tsugune. Da kansa ya nemo ƙwarya ya kife.

Ya koma wurin rumbun. "An tona tokar?"

"Wa ka son tona baƙin ciki?" in ji Hindu.

Ya shiga da sandarsa ta gefen gabas yana burkutawa. Tokar tana da sauran ɗumi a ciki. Bai jima ba sanda ta bugi ƙarfe. Zum ne, robar jikinsa ta narke, gilashin gaba ya tsage gida uku, babu murfi gaba babu baya. Ya naɗe shi a tsumma ya saka cikin jakarsa.

*

Bayan azahar aka taru a gindin bedi. Makaɗa sun riga sun fara gwada ganguna a fili. Chindo ya ce a kira ƴan kokowa duka, na gida da baƙi, ya kuma sa mutum biyu suka gangaro turmin Hindu. Ya share rairayi taki biyar a gaban maigari ya ce duk wanda ya taka zai sha sanda, ko ɗan wa ne.

Ya kwance tsumman. Saminu ya yi wata ƙara, ya durƙusa ya ɗauki abin da hannu biyu kamar jinjiri.

"Cikin tokar rumbu nis same shi," in ji Chindo.

"Kun gani!" in ji Rabilu. "Ya sata, ya ɓoye, ya sa wuta don shi ɓad da sawu!"

"Rabilu, don girman Allah zauna. Saminu, bar kuka, ciro mini ƙaramin gilashin da ke bakin kamerarka."

Ya fita daga inuwa, ya ajiye ɗan tafin busasshiyar ciyawar shuci a ƙasa, ya riƙe gilashin a kai yana ɗagawa yana saukewa har haske ya tattaru ya zama ɗigo. Hayaƙi siriri ya tashi. Hindu ta dafe ƙirji.

"Wanga ƙarami ne," in ji Chindo, ya take wutar da ƙafa. "Wancan bakinai ya kai bakin moɗa. Wani ya cusa shi cikin jinka, gindi ciki, ido waje, ba murhi, shina duban gabas. Hantsi ya yi, rana taz zo daidai. Ba wanda ya kai garwashi. Rana ta sa wuta."

"To shi ya cusa shi," in ji Rabilu daga zaune.

Chindo ya ce, "Kwance mishi hannu shi ɗauki turmin ga. In ya ɗaga shi taki guda, ni zan raka shi Konni."

Ba wanda ya tashi ya kwance. Kowa ya dubi Alkasum, ya dubi turmin.

Chindo ya ci gaba: "Wanda ya hau jinka, bisa turmin ga yat taka. Kuma bai gangara shi ba, rungumo shi ya yi tun daga bayan danga, shi kaɗai. Ba takalmi. Shina tahiya bisa yatsu, irin ta wanda ya saba kada a ture shi. Ƴan kokowa, ku zo ku taka rairayin ga ɗaya-ɗaya."

Baƙin Badagishiri suka tashi suna dariya suka taka, har ɗaya ya yi rawa. Na gida biyu suka taka. Rabo bai tashi ba. Ya ja bakin rigarsa ya rufe ƙafar hagu.

Hindu ce ta yi magana, ba da ƙarfi ba.

"Rabo. Hito da ƙahwarka. Ni na ɗaure yatsan nan da kara sadda jaki yat take ka."

Ƙaton mutumin ya sunkuyar da kai. Ya sa hannu a aljihu ya fito da murfi biyu baƙaƙe ya ajiye a ƙasa.

"Gwaggo, wallahi ban nuhi geronki ba. Mutumin ga ya hwaɗi layata gaban baƙi. In hoton ya kai hannun ƴan Badagishiri, malaminsu karya ta za shi yi. Nic ce in ɗauke hoton, in an gama kokowa in mai da mishi abinai. Na buɗe gaba, na buɗe baya, na girgiza, ba hoto. Nil leƙa ciki, sai ga liman tahe daga masallaci, kai ƙasa, ƙahwahu bisa."

Liman ya ce, "Subhanallahi."

"Na juya wajen bedi, shi ma haka. Nic ce wanga abu kayar da mutane shikai, ba ni kai shi ɗakina ana gobe in kara. Nis sa shi inda ba mai kai hannu."

"Hoto ba cikin zum yake ba!" in ji Saminu. "Cikin fim yake! Cikin kamera! Ƙarƙashin matashin da ka tsallake!"

"To mi ya hana ka hwaɗi?" in ji Rabo.

"Ka tambaye ni?"

"Kai kuma," in ji Chindo ga Saminu, "wa ya aike ka leƙen mutum shina wanka? Anka sayar maka da abin ganin nesa, anka ce ka je ka ba da labari wurin shayi?" Ya juya ga Rabo. "Kai kuwa jiya kana tsaye anka ɗaure bawan Allah ga."

"Shi yar riƙe igiyar," in ji Alkasum.

Maigari ya yi gyaran murya har sau biyu. Ya ce abu ne na ƙaddara. Ya ce geron da Rabo ya noma bana zai koma gidan Hindu, maganar zum kuma za a zauna a kanta da mai hoto. Ya sa Rabilu ya kwance igiya. Daidai nan motar kasuwa ta tsaya a bakin hanya tana oda. Aka ɗaga mata hannu ta wuce.

"Alkasum, ka yi haƙuri," in ji maigari. "Kuskure ne. Kai namu ne."

Alkasum ya murza wuyan hannunsa inda igiya ta ci. Bai dubi maigari ba.

"Wa ya shayar da shanuna?"

A fili gangunan sun sauya, sun fara kiran Rabo da takensa.

"Rabo za shi shayar da su," in ji Hindu.

"Gwaggo, ana kirana hili."

"Su ma tun jiya suke kira."

*

Rijiyar Tungar Ado gaba goma sha biyar ce, shanun Alkasum kuwa sun haura arba'in. Da Chindo ya biyo ta wurin a kan jakinsa zai koma Dogarawa, la'asar ta yi sanyi. Daga fili ana jin makaɗa suna ta maimaita taken Rabo har ya fara gundurar su, ɗan Badagishiri yana zagaya fili shi kaɗai hannu sama. Rabo yana bakin rijiya tuɓe da riga, layunsa a ƙugu, yana jan guga, shanu suna ture juna a kan kwamin shan ruwa.

Alkasum yana tsugune a gefe yana fifita garwashin shayi.

Rabo ya juye guga, ya tsaya yana haki, ya dubi wajen gangunan. "Ai sun ƙoshi haka."

Alkasum ya leƙa kwamin, ya dubi masu cikin da ke can baya ba su kai baki ba tukuna.

"Ƙara," in ji shi.